Tsakanin Kirari da Shaida: Nazari a kan Gaskata Siffofin Jarumai a Adabin Da

Gabatarwa



Wata rana muna karanta mu'allaƙar Antara a aji, da muka kai baitocin da yake siffanta yadda yake kutsawa cikin mayaƙa, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce: "Allah gafarta Malam, wai da gaske an yi wannan?" Ɗalibai suka yi dariya, amma ni ban ga abin dariya ba, domin a cikin makon na ji wani mai wa'azi yana ba da labarin Sayyidina Aliyu a Haibara. Ya ce ya sari abokin karawarsa, takobin ya raba mutum da doki, ya nutse cikin ƙasa har sai da mala'ika ya tare shi da fukafuki. Jama'a suna ta kabbara, ba wanda ya tambayi inda aka samo labarin. A aji ana neman hujja ga waƙa, a masallaci kuma ana karɓar almara a matsayin tarihi. Kowanne ya auna abu da mudun da ba nasa ba.

Wannan maƙala za ta duba yadda ake gaskata siffofin jarumai a adabin Larabawa da na Farisawa na da, da ma'aunan da malaman balaga da na tarihi da na hadisi suka ajiye don wannan. Ra'ayin da za ta kare shi ne: yawan ƙarfin da aka ba jarumi ba ya hana mai karatu yarda da shi, abin da ke hana yarda shi ne a raba jarumin da tsoro da hasara da iyaka. Za ta kuma nuna cewa hukuncin yana sauyawa gaba ɗaya idan jarumin sahabi ne.

Tambayoyi uku a cikin tambaya ɗaya

Idan mutum ya ce "da gaske ne?" yana iya nufin ɗayan abubuwa uku. Na farko: shin abin ya auku? Wannan tambayar malamin hadisi ce, kuma amsarta tana cikin isnadi. Na biyu: shin irin wannan yana iya aukuwa? Wannan ta masanin tarihi ce, amsarta tana cikin hankali da al'adar da Allah Ya gudanar da duniya a kanta. Na uku: shin wannan jarumi ya yi kama da ɗan Adam, har zuciya ta amince da shi yayin da ake karatu? Wannan ta manazarcin adabi ce. Labari yana iya faɗuwa a ma'auni na farko da na biyu, ya tsallake na uku, kamar yadda za mu gani a labarin Rustum. Wani kuma yana iya zama mai yiwuwa a hankalce, amma isnadinsa ya rushe.

Malaman balaga sun riga sun tsara tambaya ta biyu a babin mubalaga, wato kambamawa. Ɗalibin da ya karanta Uƙudul Juman na Suyuɗi ko Jauharul Maknun na Akhdari a zaure ya san rabon da Ƙazwini, wanda ya rasu a shekara ta 739 bayan Hijira, ya yi a cikin Talkhis. Idan siffar da aka kambama tana yiwuwa a hankalce da kuma a al'adance, sunanta tablig. Idan hankali ya yarda da ita amma ba a saba ganin ta ba, sunanta igraƙ. Idan ta saɓa wa hankali da al'ada baki ɗaya, ita ce guluwwi. Biyun farko karɓaɓɓu ne. Guluwwi kuwa ba a karɓar sa sai in an sassauta shi da kalma irin "ya kusa" ko "da a ce", ko ya ƙunshi kyakkyawan hoto a zuci, ko a faɗe shi da raha.

Kafin Ƙazwini da ƙarni huɗu, Ƙudama bn Ja'afar, wanda ya rasu a 337, ya tsaya a cikin Naƙdush Shi'ir yana kare guluwwi, yana ganin shi ya fi tsayawa a tsakiya kyau a waƙa. Daga cikin misalan da aka daɗe ana jayayya a kansu akwai baitin Muhalhil, inda ya yi da'awar cewa ba don iska ba da mutanen Hajru sun ji ƙarar takubba a kan kwalkwali, alhali tsakanin filin daga da Hajru tafiyar kwanaki ce. Wasu suka kira shi baitin da ya fi kowanne ƙarya. Hujjar Ƙudama ita ce mawaƙi ba rahoto yake bayarwa ba, yana son ya kai siffa matuƙa ne har ta zama abin buga misali. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san kirari. Idan maroƙi ya kira jarumi dutse ko guguwa, ko mafarauci ya yi wa kansa kirari a gaban abokan farauta, ba mai kai shi gaban alƙali a kan ƙarya. Mai faɗa da mai ji sun yi yarjejeniya tun kafin a buɗe baki.

Antara biyu

A adabin Larabci akwai Antara biyu, kuma kwatanta su yana warware rabin matsalar.

Na farko shi ne Antara ɗan Shaddadu na ƙabilar Absu, mawaƙin Jahiliyya wanda ya yi zamani da yaƙin Dahis da Gabra tsakanin Absu da Zubyanu. Waƙoƙinsa suna cikin diwanin mawaƙa shida da A'alamush Shantamari ya tattara, wanda malamanmu suka daɗe suna karantarwa a ƙasar Hausa. Mahaifiyarsa Zabiba baiwa ce Bahabashiya, mahaifinsa bai amince da shi a matsayin ɗa ba sai ranar da aka kawo wa Absu hari. Abul Faraj Al-Asfahani, wanda ya rasu a 356, ya kawo labarin a cikin Kitabul Agani: uban ya umarce shi ya kai farmaki, shi kuma ya amsa da cewa bawa bai iya farmaki ba, aikinsa tatsar nono ne, sai uban ya yi masa alkawarin 'yanci in ya shiga.

A cikin littafin nan akwai wata ruwaya da ta fi kowacce amfani ga bincikenmu. An tambayi Antara ko shi ne ya fi dukan Larabawa jarumta, ya ce a'a. Aka ce to me ya sa sunansa ya bazu haka? Sai ya bayyana cewa yakan ci gaba in ya ga ci gaban dabara ce, yakan ja baya in ya ga ja da bayan hankali ne, ba ya shiga wuri sai ya ga mafita, kuma yakan zaɓi rarraunan matsoraci ya yi masa mummunan sara, har zuciyar jarumin da ke kallo ta tsinke, sannan ya juya kan jarumin. Ko wannan magana ta tabbata daga bakinsa ko wani ya ɗora masa, mutumin da ta zana mutum ne da muka sani. Yana lissafi, yana sanin darajar tsoratarwa, ya kuma san cewa suna yana yi wa mayaƙi rabin aiki. Ruwayoyin mutuwarsa ma haka suke: wata ta ce wani mutumin Ɗayyi'u ya harbe shi da kibiya, wata ta ce tsufa ya cim masa har ya kasa hawa doki, wata ta ce iska ce ta same shi a hanya yana tsoho.

Na biyu shi ne Antara na Siratu Antar, doguwar hikayar da masu ba da labari suka yi ta faɗaɗawa ƙarni bayan ƙarni, wadda aka buga a juzu'i 32. Wannan Antara tun yana yaro yake kashe namun dawa, yana tarwatsa runduna shi kaɗai a kan dokinsa Abjar, ɗan'uwansa Shaibubu yana gudu da ƙafa yana tsere wa dawaki. Ya je ƙasar Hira neman raƙuma dubu na sadakin Abla, ya shiga fadar Kisra da ta Ƙaisar, har ya yi hulɗa da Faranjawa, abin da ke nuna cewa hikayar ta ci gaba da girma har zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibi, ƙarnuka bayan mutuwar mai sunan.

Mai nazari zai lura cewa yawan waɗanda Antara ya kashe bai taɓa damun mai sauraro ba. An san ana cikin hikaya, dubu da ɗari duk ɗaya ne. Inda hikayar take yin rauni wuri biyu ne. Na ɗaya shi ne maimaici: idan an tabbata jarumi ba zai faɗi ba, karo na arba'in ba ya ƙara komai a kan na huɗu, sai dai a ƙara yawan abokan gaba, kuma ƙarin adadi ba ya haifar da fargaba. Na biyu ya fi wannan nauyi. Ƙashin bayan labarin Antara shi ne baƙin bawa da ya sayi matsayinsa da aikinsa a cikin al'ummar da ke bautar nasaba. Amma can gaba hikayar ta kai shi ƙasar Habasha, ta gano masa cewa Zabiba jinin sarauta ce. Da wannan ta mayar da abin da ta ƙwace: ashe dai jarumtar gado ce, ashe masu alfahari da nasaba suna da gaskiya. A nan, a ganina, aka fi zaluntar Antara na tarihi, kuma a nan mai karatu Musulmi, wanda aya ta 13 a Suratul Hujurat ta koya masa inda fifiko yake, ya fi cancanta ya ƙi yarda.

Duk da haka hikayar tana da wurin da ta yi abin a yaba, wato mutuwar jarumin. Wani tsohon abokin gaba da Antara ya makantar ya koyi harbi da bin sauti, ya same shi da kibiya mai dafi. Da Antara ya ji ƙarshe ya zo, sai ya hau dokinsa ya tsaya a bakin wata mashiga, ya dogara da mashinsa, domin iyalinsa su samu su wuce. Ya cika a haka, abokan gaba suna hange daga nesa, sun kasa matsowa. Abin da ya tsare mashigar suna ne kawai, kuma wannan shi ne ainihin abin da Antara na Kitabul Agani ya faɗa game da kansa. Wurin da hikayar ta fi ratsa zuciya shi ne wurin da ta bar jaruminta ya zama gawa.

Rustum: shekaru ɗaruruwa da kuskure ɗaya

Sunan Rustum ba baƙo ba ne ga ɗalibin Sira. Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa Nadru bn Haris yakan zauna a majalisar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tashi daga gare ta, ya riƙa ba Ƙuraishawa labarin Rustum da Isfandiyar da ya koyo a Hira, don ya janye su daga Alƙur'ani, kuma wasu malaman tafsiri sun danganta aya ta 6 a Suratu Luƙman da shi. Wannan Rustum na almara daban yake da Rustum kwamandan Farisa a yaƙin Ƙadisiyya. Firdausi ne ya tsara labarinsa a waƙe cikin Shahnama, wadda ya kammala a shekara ta 400 bayan Hijira, daidai da 1010 Miladiyya, Bundari kuma ya mayar da ita Larabci a ƙarni na bakwai.

In aka ɗora Rustum a ma'aunin Ƙazwini, kusan duk siffofinsa guluwwi ne. Ya rayu shekaru ɗaruruwa, ya ratsa masifu bakwai a hanyar Mazandaran, ya kashe Farin Aljani, tsuntsuwar Simurg tana yi masa magani. Firdausi kansa ya san za a yi tambayar da ɗalibina ya yi, shi ya sa tun a farkon littafin ya ja hankalin mai karatu da kada ya ɗauki labaran a matsayin ƙarya tsagwaronta, abin da ya dace da hankali ya karɓa, sauran kuma ya nemi ma'anarsa ta hanyar ishara.

To amma me ya sa ƙarni goma ke nan ana kuka a kan labarin Rustum da Suhrabu? Saboda a wannan labari ƙarfin Rustum bai amfane shi da komai ba. Saurayin da ya fito daga rundunar Turan yana neman mahaifinsa ya tambaye shi ko shi ne Rustum, ya musanta. Da suka yi kokawa saurayin ya kayar da shi, sai tsohon ya kuɓuta da yaudara, ya ce al'adarsu ba a kashe wanda aka kayar a karon farko. A karo na gaba da shi ya yi kaye bai jira ba, ya soke shi. Sannan ya ga alamar da ya bar wa uwar yaron ɗaure a damtsensa. Ya aika neman magani wurin sarki Kaika'us, sarki ya hana. Duk abin da ya kai ga wannan ƙarshe halin mutane ne da muke gani kullum: tsoron tsoho kada yaro ya kunyata shi, ɓoye gaskiya, gaggawa, da son kai na mai mulki. Shekaru ɗaruruwan nan ado ne a jikin labari, mai karatu yana yafe su domin abin da ke ƙarƙashinsu gaskiya ne.

Haka karonsa da Isfandiyar, wanda makami ba ya huda jikinsa sai idanunsa. Da Firdausi ya bar shi ba tare da wannan kafa ba, da babu labari. Ƙa'idar a fili take: gwargwadon yadda marubuci ya kambama ƙarfin jarumi, gwargwadon yadda yake buƙatar ya bar masa ƙofar da mutuwa ko nadama za ta shigo. Ko a adabinmu, mai karanta Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, zai ji cewa sassan da suka shafi zuwan Turawa da rinjayen da suka yi sun fi zama a rai fiye da yaƙe-yaƙensa da aljannu, domin a can ne jarumin ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa.

Fushin malaman hadisi

Idan haka ne, me ya sa malamai suka yi kakkausar suka ga waɗannan hikayoyi? Ibn Kasir, wanda ya rasu a 774, da ya zo tarihin Abdullahi Al-Baɗɗal a cikin Al-Bidaya wan Nihaya, ya bayyana hikayar da talakawa ke yaɗawa game da shi a matsayin ƙarya, ya haɗa da Siratu Antar da ta Bakri. Zahabi ma a cikin Mizanul I'itidal ya siffanta Abul Hasan Al-Bakri, mai hikayoyin yaƙe-yaƙen Annabi da na Sayyidina Aliyu, da maƙaryaci. Ibnul Jauzi ya rubuta littafi a kan masu ƙissa da masu wa'azi, Suyuɗi ma ya rubuta Tahzirul Khawas don gargaɗi game da ƙaryace-ƙaryacensu.

Wasu manazarta na zamani suna ɗaukar wannan a matsayin rashin ɗanɗanon adabi. Ban yarda ba. Waɗannan malamai sun haddace waƙoƙin Jahiliyya, suna kafa hujja da su a tafsiri da lugga, kuma Ibnul Jauzi bai haramta ƙissa ba, ya ware mai kyau da mara kyau ne. Abin da suka ƙi shi ne almara ta sa rigar ruwaya. Tatsuniyarmu tana buɗewa da "ga ta nan ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus", ba ta yaudarar kowa. Siratu Antar kuwa tana jingina kanta ga Asma'i, babban malamin lugga na Basra, har ta ba shi tsawon rai na ɗaruruwan shekaru domin ya zama ganau. A al'ummar da iliminta ya tsayu a kan "wane ya ba mu labari daga wane", ƙirƙirar isnadi kamar buga jabun kuɗi ne: ko an yi shi don wasa, yana rage darajar na gaske. Kuma hikayoyin Bakri sun fi muni, domin suna sanya magana a bakin Manzon Allah, kuma gargaɗin da ya zo a kan yi masa ƙarya da gangan mutawatiri ne.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 808, ya ƙara ma'auni na biyu a cikin Muƙaddima: kafin a binciki masu ruwaya, a duba ko abin yana yiwuwa bisa ɗabi'ar zamantakewa. Ya soki Mas'udi da wasu a kan cewa mayaƙan Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000. Ya ce daular Farisa da girmanta ba ta tara fiye da 120,000 a Ƙadisiyya ba, filin daga ba zai ɗauki wancan adadi ba, kuma kakannin da ke tsakanin Annabi Musa da Annabi Yaƙubu ba su da yawan da zuriya za ta kai haka. Ya kuma yi watsi da labarin Uju ɗan Unuƙu, wanda ake cewa yana ɗauko kifi daga teku ya gasa a rana. Ibnul Ƙayyim ma a cikin Al-Manarul Munif ya kawo labarin Uju, mai tsawon kamu sama da 3,000, a matsayin misalin abin da hujjoji ingantattu suke rushewa.

Sai dai akwai iyaka da Ibn Khaldun kansa ya kiyaye, kuma ya wajaba mu kiyaye. Ma'aunin al'ada ba ya hukunci a kan mu'ujiza da karama, domin ma'anarsu ita ce keta al'ada. Nasarar Annabi Dawuda a kan Jaluta, wadda ta zo a aya ta 251 ta Suratul Baƙara, mun gaskata ta saboda Wanda Ya ba da labarin. Mai ƙaryata duk abin da ya wuce saninsa ya faɗa kuskure daidai da na mai gaskata duk abin da ya ji. A nan tambayar ita ce ko labarin ya tabbata.

Ƙofar Haibara da takubban Mu'uta

Misalai biyu za su nuna yadda ma'aunan suke aiki tare. Game da Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, a Haibara a shekara ta 7, abin da ya inganta a Bukhari da Muslim shi ne Annabi ya yi alkawarin ba da tuta ga mutumin da ke son Allah da ManzonSa kuma suke son sa, aka zo da Aliyu yana ciwon ido, ya yi masa tofi ya warke, Allah Ya yi buɗi a hannunsa. Muslim ya ruwaito daga Salamatu bn Akwa'u cewa shi ya kashe Marhabu. Labarin ƙofar da ya ɗauka ya yi garkuwa da ita kuwa, a ruwayar Ibn Ishaƙ mutum takwas ne suka kasa juya ta, a wata ruwaya arba'in, a wata saba'in. Ibn Kasir ya nuna raunin hanyoyin, Sakhawi ma haka a cikin Al-Maƙasidul Hasana. Ba su ce Allah ba Ya iya ba bawanSa wannan ƙarfi ba, sun ce ba ta tabbata ba. Hauhawar adadin daga takwas zuwa saba'in kuma tana nuna wa manazarci yadda hikaya take girma a bakin masu ƙauna.

Na biyu shi ne Khalid bn Walid, Allah Ya ƙara masa yarda, a Mu'uta a shekara ta 8. Bukhari ya ruwaito daga gare shi cewa takubba tara suka karye a hannunsa a ranar, ba abin da ya saura sai wani faffaɗan takobin Yaman. Wannan a ma'aunin balaga bai wuce tablig ko igraƙ ba, isnadinsa kuma ingantacce ne. Amma a lura da hoton: takobin jarumin hikaya ba ya karyewa, na Khalid sun karye har tara. Kuma babban aikinsa a ranar shi ne ya janye runduna mai mutum 3,000 daga gaban rundunar da ta ninka ta, bayan shahadar kwamandoji uku. Da mai hikaya ne ya rubuta Mu'uta, da ya sa Khalid ya tarwatsa Rumawa shi kaɗai, kuma da mun yi hasarar darasin.

Haka Sira take gaba ɗayanta. Shugaban jarumai, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa sulke biyu a Uhudu, an ji masa rauni a fuska, an karya masa haƙori. Anas ya ba da labarin daren da mutanen Madina suka ji wata ƙara suka firgita, suka fita, sai suka gamu da shi yana dawowa a kan dokin Abu Ɗalha ba sirdi, ya riga kowa zuwa ya duba. Shi ne kuma ya koyar da cewa mai ƙarfi na gaskiya shi ne mai mallakar kansa yayin fushi. Alƙur'ani ya ambaci tsoron da Annabi Musa ya ji a wurare da dama, bai rage masa daraja ba. Jarumtar da jini ke zuba a cikinta ita ce ake iya koyi da ita. Wanda aka ce ƙarfe ba ya kama shi, ba a san ko jarumi ne ba, tun da bai taɓa sanya komai nasa cikin hatsari ba.

Kammalawa

Samau'al bn Yahya Al-Magribi, masanin lissafi kuma likita wanda ya musulunta a shekara ta 558, ya ba da labarin kansa cewa yana yaro ya shagala da hikayoyin Antara da Zatul Himma da Baɗɗal da Iskandar. Da ya gane yawancinsu ƙirƙira ce, sai ya nemi tarihi na gaskiya, ya karanta Tajaribul Umam da Tarihin Ɗabari, a can ya gamu da labarin Annabi da yaƙe-yaƙen sahabbai, kuma wannan yana cikin abin da ya share masa hanya. Hikaya ta buɗe masa sha'awa, tantancewa ta kai shi gida. Wannan, a ganina, ita ce hanyar da ta dace da ɗalibanmu.

Saboda haka malamin adabi ya bar Antara da Rustum su yi kirarinsu, ya koya wa ɗalibi ya tambayi me jarumin yake tsoro, me ya rasa, ina iyakarsa, domin a nan ake gane hikayar da ta ƙware da wadda ta cika da hayaniya. Mai wa'azi kuma, idan ya ambaci sunan sahabi, ya sani ya bar filin kirari ya shiga wurin shaida. Matashin da aka raina da labarin takobin da ya nutse cikin ƙasa, ranar da ya gano ba shi da asali, ana tsoron ya haɗa da hadisin tuta ya yi shakka a kan duka. Ɗalibin nan da ya yi tambaya, na amsa masa da cewa Antara ya rayu, ya yi yaƙi, ya kuma yi waƙa, kuma waƙar ba a rantse a kanta ba. Allah Shi ne Mafi sani.